Kwanar da Makara Ba Ta Juyawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani, mai sunan mahaifiyata. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Nasiru. Allah Ya kai ku Kano lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ku sauka cikin mutanen kirki. Allah Ya sa aikin nan da kika samu na zana yadda birni zai kasance nan da shekaru masu yawa ya zame miki hanyar lada, kada ya zame miki abin tambaya ranar gobe.

Kin san ubanki bai yi boko ba. Hannun Malam Iliya mai gyaran agogo ne wannan, bakina ne. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana kamar agogon mutane. Ya ce me ya hana in kira ki a waya. Na ce a waya kina katse ni, ni ma ina katse ki, takarda kuwa ba ta da baki. Nasiru zai sa miki ita a jaka. Kada ki buɗe sai kun wuce Ibadan.

Mun rabu ba daɗi, ni da ke. Tun da ma'aikatan gwamnati suka zo suka shafa jan fenti a bangon ɗakina na gaba, suka ce za a yanke shi a faɗaɗa Layin Huhu a fitar da babbar kwata, ba mu sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Kika ce, "Baba, ɗaki ɗaya ne fa, kuma duk layin kai suke jira." Na ce miki abin da boko ta koya miki ke nan, rushe gidan ubanki. Kika tashi kika fita. Gaskiya ne ni suke jira. An sa taro ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar masallaci, in na ce a'a kowa zai ce a'a, ma'aikatan su naɗe takardarsu su kai aikin wata unguwa. In na ce e, guduma za ta fara ta kaina. Kafin ki ji abin da zan ce, sai kin ji abin da ban taɓa gaya miki ba.

Ina saurayi jirgin ƙasa ya sauke ni a Agege, da tabarma da buta. Ɗaurin goro na koya, huhu nake ɗaurewa ana lodawa zuwa Arewa. Lokacin nan bayan layinmu gonakin rogo ne da bishiyoyin goro, in ka tsaya a bakin dogo kana hango wanda ke tahowa daga wajen Abule Egba. Bayan na yi aure na kafa ɗaki biyu, sai wani safiyo mai awon ƙasa ya zo, Bayarabe, gajere, da malafa da abin leƙensa mai ƙafa uku. Da yake na fi kowa jin Yarabanci a layin, ni aka tura in yi masa magana. Iliya na gefena saboda shi ke gane rubutu.

Mutumin nan ya zauna a kan huhu ya ce, "Baba Hausa, tambaya ɗaya zan yi maka. Nan da shekara talatin, mutum nawa za su zauna a wurin nan?"

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Oga, shekara talatin? Ka san ma'anar sunan da muke kiran wurin nan?"

Ya ce bai sani ba.

Na ce, "Zango. Inda fatake ke sauke kaya su kwana, gari ya waye su ɗaure su wuce. Mu duk da ka gani gida za mu koma. Ni ma damina biyu ta rage mini."

Ya dube ni, ya dubi uwarki tana daka a tsakar gida da goyon yayanki, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce in bai yarda ba ya dawo bayan shekara biyar ya ga ko zai tarar da ko akuya. Ya rubuta kalma ɗaya a littafinsa. Iliya ya leƙa, ya raɗa mini cewa ma'anarta na wucin gadi. Na ce madalla, ya fahimta.

Uwani, ba ƙarya na yi masa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Har zuciyata na yarda. Duk shekara in an yi Sallah sai in ce ta baɗi a gida za a yi ta. Na faɗa har gemuna ya yi fari. Wannan kalma guda da ya rubuta ita ta hana a ware mana filin makaranta, ita ta hana a ware mana maƙabarta, shi ya sa yau in mun yi rashi muke ɗaukar gawa a bayan mota muna ratsa cunkoson motocin danfo kamar masu kai kaya kasuwa. To ki ji. A bakin kowane gari za ki tarar da baƙi suna cewa wucewa za su yi. Kada ki rubuta abin da bakinsu ya faɗa. Ki leƙa ki ga ko matar gidan ta kafa randa. Ki saurari yaren da yaransu ke faɗa da shi in suna wasa. Ki tambaya ko sun taɓa binne wani a wurin. In sun binne ko jariri ɗaya ne, sun zauna, ko da su ba su sani ba.

Wannan kuskure ne. Na biyun ganganci ne. Safiyo ya ce zai dawo ranar Talata ya ƙirga mu. Sai jita-jita ta tashi cewa ƙirgar ta haraji ce, wasu suka ce ta kora ce. Ni na bi gida-gida na ce duk ɗan dako da duk baƙon da ke kwana a zaure ya yi sammakon kasuwa kada ya dawo sai magariba. Da mutumin ya zo na ce masa gida goma sha biyu ne, kowane gida miji da mata da ɗan abin da ba a rasa ba. Alhali a zaurena kaɗai mutum tara ke kwana, wasu na tashi wasu na shimfiɗa. Ranar nan an yi mini kirari a masallaci, wai na ceci Hausawa. Da aka zo sa famfo aka binne mana bututu kaurin tsintsiyar hannuna. Da aka zo haƙa kwata aka yi wadda yaro ke tsallakewa ba tare da ya ja da baya ba. An auna mana daidai da ƙaryata. Duk layin jarkar da kika bi tun kina ƙarama kafin ki tafi makaranta, ni na jera miki shi.

Iliya ya ajiye biro ya ce ai ba ni kaɗai ba ne, shi ma ya ɓoye ƙannensa biyu a ɗakin ajiyar ganye. Na ce rubuta, ba wasiƙarka ba ce, in kana son tuba ka haifi taka 'yar.

Ke ma za a ɓoye miki mutane. Kada ki ji haushi, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili, don talaka bai taɓa ganin mai littafi ya zo ya ƙirga shi sannan alheri ya biyo baya ba. Kada ki je da mota mai tambari, kada ki je da ɗan sanda. Ki je ki tsaya nesa ranar Juma'a ki ƙirga takalma a ƙofar masallaci. Ki tambayi mai tuwo tukunya nawa take ɗorawa. Abin da kika samu ki ninka, don matan da ke cikin gida ba su da takalmi a ƙofar masallaci, kuma su ne ke haihuwar waɗanda za su sha ruwan bututunki.

Akwai rafi a bayan layin nan. Ke ba ki gan shi ba. Rafin Ganye muke ce masa, don a nan muke wanke ganyen ɗaurin goro. Daga bayan dogo yake saukowa, ya bi ta inda shagon mai walda yake yanzu, ya ratsa ƙarƙashin gidan burodi, ya karya hagu wajen tsohuwar bishiyar da aka sare, ya gangara fadama. Da rani ƙafa ba ta jiƙewa a cikinsa. Mu muka cike shi, da shara da garin katako da ɓaraguzan bulo, kowa na ƙara taku biyu a bayan gidansa. Wata tsohuwa mai sayar da tattasai da muke kira Iya Alata ta tsaya a kaina ina zuba ƙasa ta ce, "Malam, ka gaya wa ruwan inda zai koma?" Na ce, "Iya, je ki ji da tattasanki." Yau duk damina ruwan nan ta tsohuwar hanyarsa yake zuwa, ba ya kuskure ko taku ɗaya, sai dai yanzu hanyar ta cikin ɗakunan mutane take. A layin nan ni da Iliya kaɗai muka rage da muka san inda ya bi, kuma Iliya ya fara mantuwa. Na faɗa a nan don ya zauna a takarda. Duk inda aka tura ki, kafin ki buɗe na'urarki, ki nemi tsohon da ya fi kowa gardama a unguwar, ki zauna a ƙasa, ki ce ya nuna miki inda ruwa ke bi kafin a yi gini. Zai zage ki tukuna. Ki jure.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Kin san turken ƙarfen nan na tsakar gida da muke ɗaure ragon layya? Wanda kika fasa goshi a kansa kina koyon tafiya? Ba turke ba ne. Fegin safiyo ne. Kafin ya tafi ya kafa irinsa jere hagu da dama, kowanne a gindin kankare, ya ce tsakaninsu hanya ce, kada kowa ya shiga, wata rana mota za ta bi. Faɗin ya kai a ce babbar mota ta wuce mai baro ya raɓa ta gefe. Na riƙa kallon filin nan a ƙofar gidana yana zaune ciyawa na fitowa, ga baƙi sun cika mini zaure. Na ce wace mota ce za ta shigo zango? Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, ƙasa ta yi laushi, na girgiza fegin na tumɓuke shi. Na sa aka yi mini ɗaki a wurin, taku shida cikin hanya. Uwarki Balaraba ta ce, "Malam, ba a ce hanya ba ce?" Na ce mata mace ba ta san ƙasa ba.

Ba wanda ya zo ya hana ni. Da na kusa da ni ya ga haka ya tumɓuke nasa. Na gabansa ya yi. Na ɗaya gefen suka ce su ba 'yan bora ba ne. Kafin shekara uku hanyar mota ta koma lungun da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya manna da bango. Kuma da yake nawa ya fi na kowa shiga, a ƙofata lungun ya karye, ya yi kwanar nan da kika sani.

Kina da shekara shida, kina makarantar allo, da hantsi, uwarki ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Rabin jikinta ya saki, bakinta ya karkace, amma idonta biyu, tana kallona. An yi ruwa da asuba, lungu ya cika har gwiwa da baƙin ruwan kwata. Wani direba ɗan layinmu ya kawo mota da gudu, ya tsaya a bakin titi yana ta danna oda, ba hanyar shigowa. Muka sa ta a baron dako, ni da Iliya, na riƙe hannu ɗaya ya riƙe ɗaya. A kwanar ɗakina ƙafar baron ta faɗa kwata, don ba a ganin inda kwata take da inda hanya take. Muka ciro, muka sake turawa, ta sake faɗawa. Na kinkime ta a kafaɗa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Iliya mai agogo ne, ya sani, na hana shi faɗa mini tun ranar har yau. Da muka kai mota na kwantar da ita, direban ya dube ta ya cire hularsa.

An gaya miki a asibiti ta rasu. Ni na ce a faɗa miki haka.

Kwana ya ƙare, na sani, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Malamai sun gaya mini ko a ƙofar likita ta faɗi in lokaci ya yi ya yi. Na karɓa. Amma akwai abin da malamai ba su gani ba. Da aka yi mata sutura aka ɗauko ta, makara ta ƙi juyawa a kwanar. Aka ja baya, aka gwada ta ɗaya gefen, ta ƙi. Sai da aka karkata ta, mutum biyu suka tallafe gawar da hannu kada ta zame, ana salati, kafaɗar likkafaninta na gogar bangon ɗakin da na gina. Tun daga ranar duk wanda ya mutu a Layin Huhu a karkace yake fita. Na ƙirga su, ban fasa ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce Ɗanjuma kai ne. Sai dai in an zo kwanar kowa ya sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar.

Za ki ce to me ya sa na ƙi a rushe. Na daɗe ina tambayar kaina. Ina ce wa mutane gumina ne, ina ce musu gwamnati ba ta da amana. Gaskiyar ita ce in na yarda ɗakin nan a kan hanya yake, na yarda da sauran. Shekara ashirin da wani abu ina kwana a cikinsa don kada a ce.

Amma kada ki ɗauka na wanke masu irin aikinki. Ban wanke su ba. Safiyon nan ya kafa ƙarfe ya tafi, bai sake waiwayowa ba, shi da wanda ya aiko shi. Da bayan shekara ɗaya wani ya zo ya daka mini tsawa, da na mayar. Na ga zane ya fi biyar a rayuwata, kowane sabon mai mulki da nasa, a tara mu a rana a nuna mana takarda mai launi, a tafa, a sa a durowa. Suna zuwa da rani su auna unguwar da damina ke ci. Suna zuwa da hantsi lokacin da maza ke kasuwa su ce ba su tarar da kowa ba. Suna yi wa masu mota gada a sama, mu masu ƙafa a ƙasa mu yi ta tsallake-tsallake. Ke kada ki zama haka. Abin da kika kafa ki koma ki duba shi, baɗi da baɗin baɗaɗa, ko ba a aike ki ba. Filin da kika bar wa mutanen da ba a haifa ba, ba shi da mai tsaron sa sai ke, don wanda ba a haifa ba ba ya zuwa taro. Kuma in kin tarar da wani tsoho ya tumɓuke miki fegi, kada ki aika masa da takarda. Ki je da kanki tun ginin bai kai taga ba. Ki ba shi labarina in kin ga dama, na yafe miki sunana.

Ba ni da ilimin awonku. Awo ɗaya na sani, shi zan ba ki. Duk lungun da za ki zana, komai talaucin masu shi, ki tabbata mutum huɗu ɗauke da makara za su juya a cikinsa ba tare da sun karkata ta ba. In makara ta wuce a miƙe, mai naƙuda za ta wuce, motar kashe gobara ma za ta san yadda ta yi.

Jiya da rana na sa Iliya ya taya ni janye gado. Na fasa simintin ƙasa da kaina, daidai inda nake tunawa. Gindin kankaren da fegin ya fita daga ciki yana nan, da raminsa, kamar jiya aka zare. Muka ɗaure zare daga jan fentin bangon waje muka ja. Uwani, a kan ramin ya faɗo. Yaran nan da ba a haife su ba lokacin, da na'urarsu, sun dawo daidai inda gajeren mutumin nan mai malafa ya tsaya. Iliya ya ce, "To, Ɗanjuma, sai gardama ta ƙare." Na ce ba ta ƙare ba, gobe ma zan sami abin da zan yi a kai.

Na tono turken daga tsakar gida. Ragon bana a ɗaure shi a wani wurin. Ranar Asabar zan ɗauke shi in kai ƙofar masallaci in ajiye a gaban jama'a, in faɗi abin da na faɗa miki, da bakina, tun daga safiyo har baro. Wasu za su ce tsufa ya taɓa ni, wasu da za su rasa shago ba za su sake gaishe ni ba. Na yarda. Bugun farko ni zan yi, ba zan bari baƙon hannu ya fara taɓa bangon nan ba. Ban ce kin fi ni gaskiya ba, kada ki je kina gaya wa Nasiru haka. Cewa na yi na janye maganar da na faɗa miki kan boko. Ki yafe mini ita, ki yafe mini ta uwarki in za ki iya. In ba za ki iya yanzu ba, ina nan.

Saura abu ɗaya. Na sha gaya muku in na mutu a kai ni gida. Na fasa. Ke ce za ki Arewa, ni a nan nake, ashe tun tuni. Ku sa ni kusa da Balaraba in da wuri. Abin da nake roƙon Allah kawai Ya ara mini kwana har a gama aikin layin nan, don in fita a miƙe.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki haƙurin zama da mutane irina. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka kabarinta. Ku yi addu'ar hawa mota, kada ku yarda direba ya yi ta gudu, in kun sauka ki sa a sanar da ni. Iliya yana gaishe ki, ya ce hannunsa ya gaji.

Wassalam.

Mahaifinki,
Ɗanjuma mai huhu, Layin Huhu, Agege.